GINSHIƘIN KANKARE DA ƘARFE: YADDA YAKE ƊAUKAR NAUYI DA ABIN DA KE KARYA SHI

Gabatarwa

Makasudin wannan darasi shi ne a bayyana wa jama'a, musamman masu niyyar gina bene, da magina, da 'yan kwangila, yadda ginshiƙin da aka haɗa da kankare da ƙarfe yake ɗaukar nauyi, da kuma dalilan da kan sa ya gaza. Ginshiƙi, wanda magina ke kira fila, shi ne ƙafar bene. Idan bango ya tsage ana iya gyara shi cikin natsuwa, amma idan ginshiƙi ɗaya ya karye nauyinsa kan faɗa wa maƙwabtansa, su ma su karye, ginin ya zube cikin ƙiftawar ido.

Wannan magana ta shafi mutanen Keffi ƙwarai. Tun da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, garin, wanda ke kimanin kilomita 50 daga Abuja, ya yi ta bunƙasa. Jami'ar Jihar Nasarawa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya sun jawo ɗalibai da ma'aikata masu neman masauki, saboda haka benaye sai tashi suke yi, daga cikin gari har zuwa Masaka da Mararraba. Duk wanda ya gina bene ya ba da haya, to, ya ɗauki amanar rayukan mutane.

Abin da ya riga ya faru ya isa wa'azi. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka rasu. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makarantar Saints Academy da ke Jos ya faɗa wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

1. Hikimar Haɗa Abu Biyu

Haɗa abu biyu domin kowane ya rufe aibin ɗan'uwansa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginanmu na gargajiya sun san laka tana jure danni amma ba ta jure ja, saboda haka sukan cuɗa ta da ciyawa, su kuma binne azarar giginya a cikinta sa'ad da za su ɗaure bakan soro. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Azara ta riƙe ja da lanƙwasa, laka kuwa ta ɗauki danni, ta kuma kāre azarar daga ruwa da rana.

Kankare da rodi haka suke. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin zamani a 1824. A 1867 wani mai aikin lambu a Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti waɗanda ya saka wa ragar ƙarfe a ciki, daga nan dabarar ta bazu zuwa gadoji da gidaje. Abubuwa uku ne suka sa wannan haɗi ya yi albarka:

(a) Kankare yana da ƙarfin jure danni, amma ƙarfinsa wajen ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ƙarfe kuwa yana jure ja da danni duka.

(b) Idan zafi ya ƙaru ko ya ragu, kankare da ƙarfe kusan daidai suke miƙewa da tsukewa, saboda haka ba sa rabuwa da juna tsakanin bazara da hunturu.

(c) Kankare yana kāre ƙarfe daga tsatsa da wuta. Ƙarfen da ba shi da kāriya yakan rasa wajen rabin ƙarfinsa idan zafin gobara ya kai digiri 550 zuwa 600.

2. Ire-iren Ginshiƙan Haɗi

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, watau sandunan rodi a tsaye, an ɗaure su da zobba, an zuba kankare ya rufe su. Kusan dukan benayen Keffi irinsa ne ke ɗauke da su.

Na biyu shi ne bututun ƙarfe da aka cika da kankare. A nan ƙarfen yana waje, ya rungume kankaren ya hana shi buɗewa, kankaren kuma ya tokare bututun daga ciki ya hana shi lotsewa. Bututun shi ne kuma ke zama akwatin zubi, ba a bukatar katako. Dogon benen nan na Taipei 101 a tsibirin Taiwan, wanda aka gama a 2004 mai tsawon mita 508, yana tsaye ne bisa manyan ginshiƙai takwas na akwatin ƙarfe, waɗanda aka ɗura wa kankare mai ƙarfi a hawayen ƙasa inda nauyi ya fi yawa.

Na uku shi ne ƙaton ƙarfe mai siffar harafin H da aka binne cikin kankare. Akan yi amfani da shi inda ake son ginshiƙi siriri mai ɗaukar nauyi mai yawa, wanda kuma zai jure gobara.

Na huɗu na gyara ne. Idan tsohon ginshiƙi ya raunana, injiniya yana iya sa masa riga, ko dai ta sabon kankare da rodi, ko ta faifan ƙarfe, ko ta wani ƙyalle mai tsananin ƙarfi na zaren kabon da ake naɗewa ana manne shi da danƙo. Bayan girgizar ƙasa ta San Fernando a 1971, da wadda ta biyo baya a 1989, hukumomin Kalifoniya a Amurka sun sa wa ginshiƙan gadoji masu yawa rigar ƙarfe domin ƙara musu juriya.

3. Yadda Nauyi Ke Sauka

Nauyin bene yana da hanyar da yake bi. Mutane da kayan ɗaki suna bisa dakin, dakin yana bisa bim, bim yana bisa ginshiƙi, ginshiƙi yana bisa harsashi, harsashi kuma yana bisa ƙasa. Saboda haka ginshiƙin hawa na ƙasa shi ne ke ɗauke da dukan abin da ke samansa.

Kankare abu ne mai nauyi. Mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa kimanin kilo 2,400 ne. Alal misali, a ce ginshiƙan gida suna da tazarar mita huɗu ta kowane gefe. Kowane ginshiƙi na tsakiya yana ɗauke da fili mai murabba'in mita 16. Idan kaurin dakin inci shida ne, watau milimita 150, nauyinsa shi kaɗai ya kusa ton shida. In an ƙara bim, da bulo, da filasta, da tayil, da mutane da kayansu, abin ya kai wajen ton 15 a kowane hawa. Dakin uku ke nan ton 45 bisa ginshiƙi guda.

Sa'ad da nauyi ya hau, ginshiƙi yakan gajarce kaɗan, gwargwadon da ido ba ya gani. Da yake rodi da kankare a manne suke, tilas su gajarce daidai da juna. Amma ƙarfe ya fi kankare tauri kamar sau bakwai ko takwas, saboda haka kowane ɗan yanki na rodi yana ɗaukar kaya ninkin haka. Bugu da ƙari, kankaren da ya daɗe a ƙarƙashin nauyi yakan ci gaba da tsukewa sannu a hankali har shekaru, yana tura wani kaso na kayansa zuwa ga rodi. Wannan shi ya sa wanda ya rage rodi yau yana iya ganin sakamakon aikinsa bayan shekara biyar ko goma.

4. Ɗan Lissafi

Bari mu ɗauki ginshiƙin da aka fi sabawa da shi, mai inci tara da inci tara, watau milimita 225 kowane gefe, da rodi huɗu masu kaurin milimita 16. Za mu bi ƙa'idar Ingila mai lamba BS 8110 ta 1985, wadda injiniyoyin Nijeriya da yawa suka koyi aiki da ita.

Kankare mai kyau na ginin bene shi ne mai daraja 25, ma'ana kowane fili nasa mai girman farcen ɗan yatsa, santimita ɗaya tsawo da faɗi, zai jure wajen kilo 250 kafin ya farfashe. Bisa wannan ƙa'ida, kankaren ginshiƙin zai ɗauki kimanin ton 51, rodi mai daraja 410 kuma ya ɗauki ton 25, jimla ton 76. A lura da kyau, rodin bai kai kashi biyu cikin ɗari na faɗin ginshiƙin ba, amma sulusin kayan yana wuyansa. Injiniya ba ya ɗora wannan adadi duka. Yakan bar rara domin tsaro, ta yadda nauyin da za a aza bai wuce wajen ton 50 ba. Wannan ya isa ɗaukar dakin uku na misalinmu.

To, yanzu a ce ɗan kwangila ya rage siminti, ya yawaita ruwa, darajar kankaren ta faɗi daga 25 zuwa 10, sa'an nan ya sa rodi mai milimita 12 a madadin mai 16. Ga ido, bambancin rodin milimita huɗu ne kacal, amma ƙarfen da ke cikinsa ya ragu da kusan rabi. Lissafi zai nuna ton 20 na kankare da ton 14 na rodi, jimla ton 34, nauyin da ya halatta a aza kuwa bai wuce ton 23 ba. Idan aka ɗora masa ton 45, an cinye rarar tsaron nan duka. Ginin yana iya tsayawa, a yi masa fenti, a shiga, a zauna, mai shi yana murna ya sami sauƙi. Amma ranar da aka aza tankin ruwa a samansa, ko aka tara jama'a wurin biki, ko damina ta jiƙa ƙasar harsashi, babu sauran abin da zai tare. Araha ba ta ado.

5. Hanyoyi Uku da Ginshiƙi Ke Gazawa

Hanya ta farko ita ce murƙushewa. Idan aka danna curin laka, yakan buɗe ta gefe. Kankare ma haka yake, in nauyi ya yi masa yawa sai ya nemi buɗewa, ya tsattsage a tsaye, ɓawonsa ya zube, rodi ya bankaro waje tsakanin zobba. Aikin zobba shi ne su hana wannan. Kamar maɗaurin tsintsiya suke, wanda in babu shi kowane tsinke sai ya kama gabansa. Ƙa'ida ta ce tazarar zobba kada ta wuce kaurin rodi sau 12, watau ga rodi mai milimita 16 kada ta wuce milimita 190, kimanin inci bakwai da rabi. Ginshiƙi mai wadatattun zobba, ko wanda ke cikin bututun ƙarfe, ko da zai gaza yakan gaza sannu a hankali, ya ba mutane zarafin fita. Mai ƙarancin zobba kuwa farat ɗaya yake fashewa.

Hanya ta biyu ita ce lanƙwashewa. Ɗauki karan dawa mai tsawon taƙi ɗaya ka danna shi da tafin hannu, da ƙyar za ka karya shi. Ɗauki mai tsawon kamu biyu ka danna, nan da nan zai yi baka ya karye. Wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya tabbatar a 1744 cewa idan aka ninka tsawon siririn ginshiƙi sau biyu, nauyin da zai jure kafin ya lanƙwashe yakan koma rubu'i. Saboda haka ƙa'ida ta raba ginshiƙai gida biyu, gajere da siriri. A ginin da ke da ganuwar tokara, wanda tsayinsa ya kai kaurinsa sau 15 ya shiga sahun sirara, lissafinsa kuma dabam ne. Ga mai inci tara, iyakar tana wajen mita uku da 'yan kai. Wanda zai gina masallaci, ko coci, ko zauren taro, ko shago mai dogon rufi, lalle ne ya san ginshiƙin ɗakin kwana ba zai yi masa aiki ba.

Hanya ta uku ita ce karkacewar kaya. Mai tallan da ya aza tire a tsakiyar kansa yakan yi tafiya mai nisa, amma in tiren ya zame gefe wuyansa ne zai gaya masa. Idan ginshiƙi bai tsaya cak ba, ko na hawan sama bai hau daidai kan na ƙasa ba, ko aka miƙo baranda mai nauyi ta gefe ɗaya, to, gefe ɗaya na ginshiƙin zai shiga matsi, ɗaya gefen ya shiga ja. Kankare kuwa ba ya jure ja, saboda haka sai ya tsage a kwance, dukan dogaro ya koma kan rodi. Ginshiƙan kusurwa da na gefen gini sun fi fuskantar wannan.

6. Kurakuran Wurin Aiki

Yashi: A yi amfani da yashin rafi mai tsabta. Wanda ya cuɗu da laka ko jar ƙasa yana hana siminti kama tsakuwa. Gwaji mai sauƙi shi ne a zuba yashi cikin kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan laka mai kauri ta taru a sama, a wanke yashin ko a sake wani.

Awo: Haɗin da aka saba, ɗaya da biyu da huɗu, yana nufin buhu ɗaya na siminti mai kilo 50, da kwanon sarki huɗu na yashi, da takwas na tsakuwa. Inda injiniya ya rubuta haɗin da ya fi wannan ƙarfi, nasa za a bi. A duba darajar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, kada kuma a karɓi simintin da ya dunƙule.

Ruwa: Lebura yana son kwaɓi mai ruwa domin ya fi sauƙin zubawa, amma ruwan da ya wuce kima yakan bushe ya bar ƙananan ramuka. Kimanin lita 25 ta wadaci buhu ɗaya.

Zubi: Kada a wurgo kankare daga nesa, domin tsakuwa za ta rabu da siminti ta taru a gindi. A girgiza shi da inji har iska ta fita. Ginshiƙin da aka kwance wa katako aka ga jikinsa kamar saƙar zuma, ba a rufe shi da filasta, sai injiniya ya duba.

Rufin rodi: A sa 'yan ƙananan tokara na siminti, waɗanda magina ke kira biskit, domin a sami kankare mai kaurin aƙalla inci ɗaya tsakanin ƙarfe da iska. In rufin ya gaza, danshi zai kai ga rodi, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Shayarwa: Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, bushewa da wuri kuwa kashe shi take yi. A lulluɓe ginshiƙi da buhunan algarara a riƙa jiƙa su aƙalla kwana bakwai, musamman da hunturu da bazara. A kwana bakwai kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin. Mai gini yana da ikon ya nemi a ɗebi samfur cikin 'yan akwatuna masu milimita 150, a kai ɗakin gwaji a matse su, a ba shi sakamako a rubuce.

Ƙarin hawa da sassaƙa: Ginshiƙin da aka lissafa wa hawa biyu ba ya ɗaukar huɗu don mai shi ya sami kuɗi. Haka nan haramun ne mai aikin famfo ko na lantarki ya sassaƙe ginshiƙi domin ya wuce da bututu. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kantin Sampoong ya rushe ranar 29 ga Yuni 1995, mutum 502 suka mutu. Bincike ya nuna an rage kaurin wasu ginshiƙai daga santimita 80 zuwa 60, an kuma ƙara hawa na biyar da manyan injinan sanyaya ɗaki a kan rufin.

7. Alamun Haɗari

Gini yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi. A kula da tsagewa a tsaye ko a karkace a jikin ginshiƙi, da ɓantarewar kankare har rodi ya bayyana, da jan ruwan tsatsa, da ƙofofin da suka daina rufuwa, da ƙara kamar ta karyewar itace. Wanda ya ga irin wannan ya fitar da mutane tukuna, sa'an nan ya nemi injiniya ya kuma sanar da hukuma. A ƙasar Bangaladash an ga tsagewa a benen Rana Plaza kwana ɗaya kafin ya rushe, amma aka mai da ma'aikata bakin aiki, ranar 24 ga Afrilu 2013 mutum 1,134 suka hallaka.

8. Hukumomin da Abin ya Shafa

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomi domin kāre jama'a. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ce ke rajistar injiniyoyi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta 1971, ita ce ke sa ido kan siminti da rodi. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi, NBRRI, ta 1978, tana gwajin kayan gini da binciken musabbabin rushewa. Majalisar CORBON ta 1989 tana rajistar ƙwararrun magina. A 2006 kuma aka fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. A Keffi, wajibi ne mai gini ya kai taswirarsa ga Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa ya sami izini kafin ya haƙa harsashi, ya kuma tabbata taswirar ginshiƙai tana ɗauke da hatimin injiniya mai rajista. Ladan injiniya ɗan kaɗan ne in an gwada shi da kuɗin ginin duka, balle da diyyar rai.

Kammalawa

Masana tarihi sun ce sunan Keffi daga kalmar kafi ya samo asali, watau shingen itatuwa da aka kakkafa domin kāre garin sa'ad da Abdu Zanga ya kafa shi wajen 1800. Mutanen wancan zamani sun san itace ɗaya mai rauni yana iya ba da dukan gari. Ana kira ga masu gini, da 'yan kwangila, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin magina, su yaɗa wannan bayani, kowa kuma ya tsaya kan gaskiya wajen awo. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi Domin Bita

1. Mene ne aikin kankare, mene ne kuma aikin rodi a cikin ginshiƙi?
2. Faɗi ire-iren ginshiƙan haɗi guda huɗu da inda kowane ya fi dacewa.
3. Me ya sa ake ƙayyade tazarar zobba?
4. Idan aka ninka tsawon siririn ginshiƙi sau biyu, me zai sami ƙarfinsa?
5. Me ya sa gini marar inganci yake iya tsayawa shekaru kafin ya rushe?
6. Wane mataki ya kamata ka fara ɗauka idan ka ga ginshiƙin gidanku ya tsage?